Me ya sa foldar aiki ke ɓacewa duk lokacin da aka dawo da wuta?

Ka ɗauka kana da shagon kwamfuta a cikin garin Baure, irin wanda ake buga takardu, a ɗauki hoton fasfo, a duba wa yara sakamakon WAEC da NECO. Kwamfutoci huɗu ne a shagon. Ɗaya tana can lungu, ba mai zama gabanta, a cikinta kake tara komai: takardun filaye da mutane suka kawo a buga musu, jarrabawar makarantun da kake yi wa aiki, katunan biki, hotuna. Sauran ukun daga cikinta suke ɗiba, a cikinta suke zubawa. Wata safiya aka ɗauke wuta, yaronka ya tayar da janareta, kwamfutoci suka tashi. Ga wani malami ya zo karɓar tambayoyin jarrabawar da za a fara gobe. Aka buɗe foldar aiki, wayam. Ko kuma aka tarar da jan kuros a kanta, ta ƙi buɗuwa.

Kafin ka ɗauki waya ka kira mai gyara daga Daura, ka biya masa kuɗin mota zuwa da komawa, ka kwantar da hankalinka: kusan kullum fayilolin suna nan inda ka bar su. Igiyar da ke haɗa kwamfutarka da su ce ba ta ƙullu ba. Kuma dalilin da ya fi yawa a wurare irin namu, inda ake ɗauke wuta a dawo da ita sau da dama a yini, shi ne maganar wa ya riga wa tashi.

Bari mu fara da mene ne wannan ƙulli. Kwamfutar lungun nan ita ake kira uwar garke, masu gyara kuma sukan ce saba. Idan ta buɗe wata folda ga sauran, kowace kwamfuta sai ta jona wannan foldar a jikinta, ta yadda za ka gan ta kamar tana cikin naka faifan ajiya. A Windows tana fitowa da harafi, misali Z. A Linux kuwa ana ware wata folda marar komai, a ce /mnt/aiki, sai a ɗora ta uwar garken a kanta. Harsuna biyu ne aka fi yin wannan magana da su tsakanin kwamfutoci. Akwai SMB, wanda Barry Feigenbaum ya fara a kamfanin IBM a 1983, daga baya Microsoft ta mayar da shi harshen Windows. Akwai NFS, na kamfanin Sun Microsystems, daga 1984, wanda ya zama na gidan Unix da Linux. A 1992 wani ɗalibin jami'a a Ostareliya, Andrew Tridgell, ya fitar da manhajar da ta zama Samba, ita ce ta ba Linux damar jin harshen Windows. Yawancin ƙananan akwatunan ajiya da ake sayarwa yau da ita suke aiki.

Jonawa da hannu ba wuya. Rigimar tana tasowa ne idan ka ce wa kwamfuta ta riƙa yi da kanta duk lokacin da ta tashi.

Aiken asuba

Ka tuna yaron da aka aika da sassafe ya sayo sukari. Ya je ya tarar mai shago bai fito ba. Ya dawo ya ce babu. Bai yi ƙarya ba, amma ba wanda ya ce masa ya koma an jima, don haka aka sha koko haka nan, alhali bayan minti biyar an buɗe shagon. Haka kwamfutarka take yi. Tana tashi, ta aika tambaya sau ɗaya, ba a amsa ba, ta rubuta a kundinta cewa abin bai yiwu ba, ta ci gaba da harkarta.

Duba yadda abin ke faruwa idan wuta ta dawo. Komai yana samun wuta a daƙiƙa ɗaya, amma ba tare suke shiryawa ba. Laftof ko sabuwar kwamfuta mai faifan SSD takan gama tashi cikin ƙasa da rabin minti. Rauta, wato akwatin da ke raba wa kowa adireshi, yakan ɗauki minti ɗaya ko fiye. Uwar garke kuwa, wadda a shagunanmu galibi ita ce tsohuwar da aka ga ba ta da saurin yin wani aiki, ita ce ta ƙarshe, musamman da yake an kashe ta ba shiri, sai ta tsaya duba faifanta tukuna. Wani lokacin ma ba ta tashi sam, domin kwamfutocin tebur da yawa idan wuta ta yanke suna nan a kashe har sai an danna maɓalli. Akwai saiti a cikin BIOS da ke sa ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo, sunansa yakan zo da kalmomin AC Power ko Power Loss. Na sha ganin an ɓata awa guda ana bincike, ashe uwar garken ce ba wanda ya kunna.

A nan akwai wata shawara da ta cika intanet, cewa ka ƙara kalmar _netdev a layin saitinka na Linux, shi ke nan. Ba ta da illa, amma kada ka dogara da ita. Manhajar systemd, wadda ke tsara tashin Ubuntu da Debian da Fedora, da ma ta san cewa cifs da nfs na netwok ne, tana jiran netwok kafin ta taɓa su. Sai dai netwok ɗin wa take jira? Naka. Da zarar kwamfutarka ta samu adireshi, a wurinta hanya ta buɗe. Ba ta da labarin ko wancan gidan sun farka. Wato an tabbatar yaro ya sa takalmi kuma an buɗe masa ƙofar gida, amma ba a san ko mai shago ya fito ba.

Idan da Wi-Fi kake haɗawa, akwai ƙarin tarko. A Linux, in an ajiye kalmar sirrin Wi-Fi ɗin a ƙarƙashin sunan mutum ɗaya, ba za ta haɗu ba sai ya shiga da sunansa, lokacin kuwa an daɗe da gwada jonawa an haƙura. A saitin Wi-Fi ɗin akwai wurin da za ka ce kowa na iya amfani da shi. Uwar garke dai, ka ja mata waya.

Haɗarin da ba a gani

Wannan ɓangaren ya fi damuna, domin shi ne ke cinye aikin mutane da gaske. Na ce a Linux ana ɗora foldar uwar garke a kan wata folda marar komai. To idan jonawar ta gaza, wannan folda marar komai tana nan, da sunanta, kuma in izininta ya bari, tana karɓar ajiya. Yarinyar da ke maka taifin ta buɗe, ta ga wayam, ta ce wataƙila oga ya kwashe. Ta buga shafi talatin ta ajiye a ciki. Kwamfuta ba ta yi ƙorafi ba, don ta ajiye a nata faifan. Washegari jonawa ta yi daidai, foldar uwar garke ta hau kai ta rufe wancan kamar an shimfiɗa tabarma a kan allura. Tsofaffin fayiloli sun dawo, aikin jiya ya ɓace. Sai a fara zargin juna, ko a ce bairos ne.

Aikin yana nan a ƙasa. Ka cire jonawar da umarnin umount, ka leƙa foldar, za ka gan shi. Rigakafinsa kuma layi ɗaya ne: lokacin da ba a jona komai ba, ka ba da umarnin chattr +i /mnt/aiki. Daga nan foldar ba ta karɓar ajiya ko daga wa, amma ana iya ɗora ta uwar garke a kanta kamar kullum. Ran da jonawa ta gaza, mai taifin za ta ga kuskure nan take, ta kira ka. Gara ihun minti ɗaya da asarar yini.

Ta ina za ka fara bincike?

Daga ƙasa, kamar mai neman inda famfo ya toshe. Kuskuren da na fi gani shi ne a fara da canza kalmar sirri, alhali waya ce ta zare.

Ka fara da adireshinka. A Windows ka rubuta ipconfig, a Linux ip addr. Idan ka ga lambar da ta fara da 169.254, to kwamfutarka ta nemi adireshi ba wanda ya ba ta, sai ta laƙaba wa kanta. Matsalarka rauta ce ko waya, ba ruwan folda. Idan adireshin lafiya, ka yi wa uwar garke sallama da ping da lambarta. Shiru? Ka je ka duba ko tana kunne, sannan ka duba ko lambarta ta canza. Wannan na faruwa sosai: rauta aron adireshi yake bayarwa, kuma ƙananan rautoci da yawa in an kashe su sukan manta wa suka ba wane. Jiya uwar garke tana 192.168.1.10, yau wayar wani kwastoma ce ta riga ta karɓa. Ka shiga saitin rauta ka keɓe mata lamba ta dindindin. Minti biyar ne, kuma yana kashe rabin ciwon kan nan. Abu ɗaya dai, Windows takan ƙi amsa ping ko da tana lafiya, saboda katangar tsaronta, don haka shirun ping kaɗai ba hujja ba ne.

Sai ƙofa. SMB yana sauraro a ƙofa mai lamba 445, NFS a 2049. Idan uwar garken Windows ce, ka duba ko ta ɗauki netwok ɗin shagon a matsayin na jama'a, wato Public. In haka ne tana rufe ƙofar da gangan, kamar kana filin jirgi. Sauya rauta kawai ya isa ya sa ta yi hakan. Ka mayar da shi Private. Daga Linux, smbclient -L da lambar uwar garke zai jero maka foldojin da ta buɗe. Nan za ka gane ko sunan da ka rubuta ne ba daidai ba. In sunan foldar yana da tazara a tsakiya, a fayil ɗin /etc/fstab dole ka rubuta \040 a madadin tazarar, in ba haka ba za a karanta layin a karkace.

Daga nan ka gwada jonawa da hannu, ka karanta abin da ta ce. Mutane na rufe saƙon kuskure kamar talla, alhali shi ne likitan. A Linux, lamba 13 na nufin an hana ka shiga, wato suna ko kalmar sirri ko izini. Lamba 2, ba a ga foldar ba. Lamba 101, kwamfutarka ba ta da hanya ko kaɗan. 113 da 115, ba a kai ga uwar garke ba. Lamba 112 kuwa mayaudariya ce: tana cewa uwar garke a kashe take, amma sau da yawa tana kunne, harshe ne bai zo ɗaya ba. Umarnin dmesg da journalctl -b za su nuna maka abin da ya faru lokacin tashi, da daƙiƙar da ya faru, har ka ga da idonka an nemi folda kafin a samu adireshi. A Windows, kuskure 53 na nufin ba a ga hanya ba, 5 an hana ka, 1219 kuma kana ƙoƙarin shiga uwar garke ɗaya da sunaye biyu lokaci guda.

Alama mafi amfani ita ce wannan: idan da hannu tana jonuwa lafiya amma da kanta ba ta yi, ka daina taɓa kalmar sirri. Matsalar lokaci ce.

Idan harshe ya bambanta

SMB yana da zamani uku. Na farko ya yi shekaru da yawa, na biyu ya zo da Windows Vista a 2006, na uku da Windows 8 a 2012. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka a na farkon ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 100, har asibitoci a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. A wannan shekarar Microsoft ta fara fitar da Windows 10 ba tare da tsohon harshen a kunne ba, Linux ma daga sigar 4.13 ya daina fara magana da shi.

Ina ruwan Baure da wannan? Ai kayan da ke iso mana galibi na hannu ne. Tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, tsohon akwatin ajiya, rauta mai wurin soka filash, injin fotokwafi mai aika sikanin zuwa folda: da yawansu tsohon harshen kaɗai suka iya. Ka sayo sabuwar laftof daga Kano, ta ƙi magana da su. Za ka samu mai ce maka ka kunna SMB1, ko ka rubuta vers=1.0 a Linux. Zai yi aiki, ba musu. Amma ka san abin da ka buɗe, musamman a shagon da kowa ke zuwa da filash ɗinsa yana sokawa. A ganina, in tsohuwar kwamfuta ce, ka sa mata Linux da Samba na yanzu, ta koyi sabon harshe kyauta. In kuma na'ura ce da ba ta sabuntuwa, ka fara tara kuɗin canza ta.

Akwai sabon salo na wannan rigima. Windows 11 sigar 24H2 ta tsaurara: tana neman a riƙa sa hannun tsaro a kan saƙonnin SMB, kuma nau'in Pro ya daina shiga folda a matsayin baƙo marar kalmar sirri. Shi ya sa wasu suka kwana foldarsu na aiki, suka tashi bayan sabuntawa ta ƙi. Gyaran da ya dace shi ne ka buɗe suna da kalmar sirri a uwar garken, ka daina barin ƙofa a buɗe.

Ka kuma kalli agogo. A cikin kowace kwamfutar tebur akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe lokaci idan ba wuta. A tsofaffin kwamfutoci ya daɗe da mutuwa, shi ya sa bayan an ɗauke wuta sai ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya. A ƙaramin shago wataƙila ka tsira, amma a ofis ko makarantar da ke tantance masu shiga da tsarin Kerberos, bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin agogo biyu ya isa a ƙi ka, kuma saƙon da za ka gani zai yi kama da na kalmar sirri.

Maganin aiken asuba

Mu koma kan yaron nan. Dabara ita ce kada a aike shi da asuba. A zaunar da shi a zaure, sai lokacin da aka buƙaci sukari a ce tashi ka je. In ya tarar a rufe, an jima da aka sake buƙata ya sake komawa. Tun ƙarshen shekarun 1980 Sun ta fito da wannan tsari, a Linux ana samunsa da sunan autofs, yanzu kuma systemd na yin sa da kalma ɗaya. Bayan ka sa manhajar cifs-utils, layinka a /etc/fstab zai zama kamar haka, duka a layi guda:

//192.168.1.10/aiki /mnt/aiki cifs credentials=/etc/sirrin-aiki,uid=1000,gid=1000,nofail,x-systemd.automount,x-systemd.mount-timeout=20 0 0

Kalmar x-systemd.automount ita ce yaron zaure: ba a jona komai lokacin tashi, sai wani ya taɓa foldar. Ita nofail tana cewa kada tashin kwamfuta ya tsaya saboda wannan folda. Lamba 20 ɗin daƙiƙoƙin da za a jira ne kafin a haƙura, don in ba ka faɗa ba, daƙiƙa 90 ake yi, kana zaune kana kallon allo. Su uid da gid suna mallaka wa mai amfani da kwamfutar fayilolin. In ka bar su, za ka ga komai amma ka kasa ajiye ko harafi, kuma wannan ma ƙorafi ne da ake yawan kawowa. Lambar 1000 ta mutum na farko ce da aka buɗe wa suna a Ubuntu, ka duba taka da umarnin id.

Suna da kalmar sirri kuwa su zauna a wancan fayil na daban, layi biyu, username= da password=, ba tazara a gefen alamar daidai, sannan ka kulle shi da chmod 600. Kada ka rubuta su cikin fstab, domin duk wanda ya zauna gaban kwamfutar yana iya karanta shi. Kuma kafin ka kashe ka kunna, ka gudanar da findmnt --verify da systemctl daemon-reload. Harafi ɗaya da ya kuskure a wannan fayil na iya jefa kwamfuta cikin baƙin allon gaggawa, a garin da mai gyara ke nesa.

A Windows abin ya fi sauƙi, don tana da rabin wannan dabara da ma. Jan kuros ɗin nan sau da yawa tsohon labari ne, ka danna shi sau biyu zai koma daidai. Inda ake samun cikas shi ne manhajar da ke neman harafin Z kai tsaye kafin kowa ya danna, kamar ta lissafin kuɗi ko ta sakamakon ɗalibai. In tana karɓa, ka ba ta cikakken adireshi, \\192.168.1.10\aiki, maimakon harafin. Ka ajiye suna da kalmar sirri a Credential Manager don kada ta manta. Masu nau'in Pro suna da saiti a gpedit.msc da ke tilasta jiran netwok kafin a shiga, amma ka tuna, shi ma naka netwok ɗin yake jira.

Masu NFS, kalma biyu. Bisa al'ada jonawarsa mai naci ce, wato hard: in uwar garke ta mutu ana cikin aiki, manhajarka za ta daskare tana jira har ta dawo. Yana da ban haushi, amma da gangan aka yi, don kada rubutu ya yanke a tsakiya. Akwai soft, mai haƙura da wuri, sai dai yana iya lalata fayil ba ka sani ba. Foldar da ake karantawa kawai, soft ba laifi. Wadda ake ajiye aikin mutane, ka bar ta a hard.

Sauran gyaran na wuta ne. In kana da inbata ko UPS guda ɗaya tak, uwar garke da rauta za ka ɗora a kai, ba kwamfutar oga ba. Su biyun in ba su mutu ba, tseren tashin ma bai taso ba.

Bayan ka gama, kada ka gwada ta hanyar sake kunna kwamfuta ɗaya alhali sauran na kunne, wannan gwajin kullum yana cin nasara. Ka zaɓi yammacin da ba kwastoma, ka kwafe muhimman fayiloli a wani faifan daban, ka kashe komai yadda ya kamata har da rauta. Sai ka kunna kwamfutar taifin ita kaɗai, ka buɗe foldar. Ya kamata ta ba ka kuskure cikin daƙiƙa 20, kuma ta ƙi karɓar ajiya. Ka kunna rauta da uwar garke, ka jira su gama tashi, ka sake danna foldar ba tare da ka taɓa wani saiti ba. In fayilolinka suka bayyana, ka rubuta lambar uwar garke da jerin abin da ake fara kunnawa a takarda, ka manna a bango kusa da makunnin janareta, inda yaron shago zai gani.